Sir Sayyid Ahmad Khan a majalisar Turawa: ɗan amshin shata ne ko wakilin jama'a?

Ɗan'uwa yayi tambaya cewa ya ji ana yabon Sir Sayyid Ahmad Khan na Indiya a matsayin wanda ya farkar da Musulmin can, sai kuma ya ji wasu na cewa ai ɗan koren Turawa ne tunda har kujera suka bashi a majalisar dokokinsu, toh wanne ne gaskiya, kuma me ma yayi a majalisar?

Na ji daɗin tambayar nan sosai domin yawanci in an tashi maganar mutumin nan makarantar Aligarh kawai ake ambata a wuce, ba kasafai ake tsayawa a duba shekarun da yayi a majalisa ba, alhali a nan ne zaka gane tunaninsa na siyasa tun daga tushe. Amsata a taƙaice itace ba ɗan amshin shata bane, amma kuma ba wakilin talaka bane. Mutum ne da ya ga an washe gidansu, ya yanke shawarar cewa faɗa da Bature da takobi ya ƙare, saura faɗa da biro da ilimi da zama kusa da inda ake yanke hukunci, kuma a wannan hanya yayi abin kirki mai yawa, yayi kuskure ma wanda har yau ana jin ɗacinsa. Bari in bi maka abin daki daki.

An haife shi a Delhi ranar 17 ga Oktoba 1817, cikin gidan manya masu alaƙa da fadar sarakunan Mughal, Musulmin da suka mulki Indiya kafin Turawa. Kakansa na wajen uwa, Khwaja Fariduddin, ya taɓa riƙe waziranci a fadar sarki Akbar Shah na biyu. Sai dai a lokacin sarautar Mughal suna ne kawai ya rage, sarki yana cikin fadarsa yana karɓar albashi daga hannun Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila, su ne masu ƙasa. Sayyid yayi karatu irin na gida, Alƙur'ani da Larabci da Farisanci da lissafi da ɗan ilimin magani, baiyi makarantar boko ba, kuma ka riƙe wannan domin zai dawo. Da mahaifinsa ya rasu a 1838 kuɗin da gidan ke samu daga fada ya ragu, sai ya shiga aikin Kamfani a ɓangaren kotu, ya fara daga ƙasa, a 1841 ya zama ƙaramin alƙali.

Abinda ya juya rayuwarsa shine tawayen 1857. Sojojin Indiya dake aiki ƙarƙashin Kamfani suka yi bore a Meerut cikin watan Mayu, wutar ta bazu arewacin ƙasar, suka shiga Delhi suka ɗora dattijon sarkin Mughal Bahadur Shah a matsayin jagora. Sayyid lokacin yana alƙalanci a Bijnor, kuma ya tsaya tare da Turawa, shine ma yayi tsayin daka har aka fitar da Turawan garin da matansu da 'ya'yansu lafiya ba a kashe su ba. Masu zaginsa daga nan suke farawa, kuma ba zan ce basu da hujja ba, domin a ranar da 'yan ƙasarsa suka ɗau makami shi yana ɗaya gefen. Amma ka ji sauran labarin. Da Turawa suka ƙwato Delhi a watan Satumba, abinda suka yiwa mutanen birnin ba kyan ji, rataya da harbi da kora da ƙwace gidaje, kuma Musulmi suka fi shan wuya saboda su aka ɗorawa laifin tawayen. Biyayyar Sayyid bata kare gidansu ba. An kashe kawunsa da ɗan kawun, an washe gidan, ya zo ya tarar da mahaifiyarsa ta ɓuya a wani ɗan ɗaki ta kwana da kwanaki ba ruwan sha, ya ɗauke ta zuwa Meerut bata daɗe ba ta rasu. Bayan ƙura ta lafa Turawa suka so su saka masa da wata babbar ƙasa da aka ƙwace daga hannun wani gidan Musulmi da aka tuhuma da tawaye, ya ƙi karɓa. Ni dai wannan ƙin karɓar yana cikin abubuwan da suka sa bana yarda a kira shi maci amana, domin wanda cikinsa ya kawo shi ba zai bar gandu irin wannan ba.

Yanzu ga inda majalisa ta shigo. A 1858 ya zauna ya rubuta ɗan littafi da harshen Urdu mai suna Asbab-e-Baghawat-e-Hind, wato dalilan tawayen Indiya, aka buga kwafi wajen 500 a 1859. Ka tuna lokacin da ake ciki fa, ana rataye mutane kan zargi kawai, shi kuma ma'aikacin gwamnati ne Musulmi, ya ɗauki biro yana gayawa masu mulki cewa ku ne kuka jawo. Wani abokinsa ma ya bashi shawara ya ƙone littattafan kada ya jefa kansa cikin masifa, yaƙi, sai dai bai raba su a kasuwa ba, ya tura mafi yawa Ingila wajen 'yan majalisa da hukuma, ya aika ɗaya ga gwamnatin Indiya. Wani babban jami'i a Kalkata, hedkwatar gwamnatin Indiya a lokacin, mai suna Cecil Beadon, yace wannan rubutu tunzura jama'a ne, amma maganarsa bata yi rinjaye ba.

Me yace a ciki? Yace ba wata maƙarƙashiya da aka ƙulla da Farisa ko Rasha, kuma ba jihadi ne da Musulmi suka shirya ba. Ya lissafo yadda mutane suka gamsu cewa gwamnati so take ta mayar dasu Kirista, saboda 'yan mishan na wa'azi a kasuwa suna aibata addinin mutane, wasu jami'an gwamnati na mara musu baya, ga marayun yunwar 1837 da aka kwasa aka rene su cikin Kiristanci, ga dokar 1850 da ta tabbatarwa wanda ya bar addininsa gadonsa. Ya kawo ƙwace filayen da sarakunan da suka baiwa mutane kyauta ba haraji, da gwanjon gonaki saboda bashi, da wulaƙancin da jami'an Turawa ke yiwa masu mutunci, da zancen harsashin da aka ce an shafa masa kitsen saniya da na alade. Amma duk waɗannan yace rassa ne, jijiyar guda ɗaya ce: ana yiwa mutane doka a majalisar da babu ɗan ƙasa ko ɗaya a ciki, toh ta yaya gwamnati zata san doka ta ƙona mutane kafin wuta ta tashi, kuma ta yaya mutane zasu san nufin gwamnati? Akwai kuma wata magana a littafin da masoyansa basa son ambata, cewa gwamnati tayi kuskure da ta haɗa Hindu da Musulmi a bataliya ɗaya har suka zama 'yan'uwa, da an raba su da wasu basu bi wasu ba. Wannan magana bata yi min daɗi ba ko kaɗan, kuma tana nuna tun daga farko akwai wannan jijiyar a tunaninsa.

A 1861 majalisar Ingila tayi dokar da ta buɗe ƙofa a saka 'yan ƙasa a majalisar Gwamna Janar. Ba littafin Sayyid kaɗai ya jawo ba, Turawan da kansu wasunsu sun gane hatsarin yin doka a makance, amma hujjar iri ɗaya ce. Sai dai ka san wace irin majalisa ce, domin in ka ɗauka irin wadda muke gani yau ce zaka yi masa hukuncin da bai dace ba. Gwamna Janar ne da 'yan majalisarsa ta zartarwa, sai a ƙara mutum 6 zuwa 12 waɗanda shi ne yake naɗa su na shekara biyu biyu, rabinsu aƙalla waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, kuma cikin wannan rabin ma akwai Turawa 'yan kasuwa. Ba zaɓe. Ba ikon yiwa gwamnati tambaya, ba ikon tattauna kasafin kuɗi, sai a 1892 aka ɗan sassauta waɗannan biyun. In kana son kawo ƙudiri da ya shafi kuɗin gwamnati ko addini ko soja ko hulɗa da waje sai Gwamna Janar ya yarda tukunna, kuma in an zartar yana iya ƙin sa hannu. 'Yan Indiya na farko da aka naɗa a 1862 su ne Maharaja na Patiala da Raja Deo Narayan Singh na Banaras da Sir Dinkar Rao, kaga irin mutanen da ake so kenan, sarakuna da masu ƙasa. A cikin shekara 30, daga 1862 zuwa 1892, 'yan Indiya 45 kacal aka naɗa, da yawansu basa jin Turancin da ake muhawara dashi. In kana son ka ga yadda majalisar take aiki duba dokar taƙaita jaridun harsunan gida ta Maris 1878, a zama ɗaya aka kawo ta aka zartar.

Mu nan ma ba baƙon tsari bane a wajenmu. Majalisar dokoki ta Legas a tsarin mulkin 1922 kujeru huɗu ne kawai na zaɓe, uku Legas ɗaya Kalaba, Arewa kuwa bata ma cikinta, Gwamna ne ke yi mata doka da kansa har sai da tsarin Richards ya fara aiki a 1947. Kuma dokar laifuka ta Final Kod da kotunanmu na Arewa ke aiki da ita daga ta Sudan aka ɗauko, ta Sudan ɗin kuma daga kundin dokokin laifuka na Indiya na 1860, toh kaga abinda ake dafawa a Kalkata ya iso har tukunyarmu.

Tsakanin littafin da shigarsa majalisa akwai shekara kusan 20, kuma a cikinsu ne yayi aikin da aka fi saninsa dashi, zan wuce da sauri. Ya kafa ƙungiyar fassara littattafan kimiyya zuwa Urdu a Ghazipur a 1864, ya je Ingila a 1869 tare da ɗansa Sayyid Mahmud ya ga jami'ar Kambirij da idonsa, a can ne kuma ya zauna yana rubuta raddi ga wani Bature William Muir kan abinda ya rubuta game da Manzon Allah (SAW), ya dawo a 1870 ya fara mujallar Tahzib-ul-Akhlaq, ya buɗe makaranta a Aligarh ranar 24 ga Mayu 1875, ya ajiye aikin gwamnati a 1876, Gwamna Janar Lord Lytton ya aza harsashin kwalejin a Janairu 1877. A 1878 Lytton ɗin ya naɗa shi majalisa, yana da shekara wajen 61, Lord Ripon da ya gaji Lytton kuma ya sabunta masa, ya zauna har farkon 1883.

Ka hango dattijo mai farin gemu har ƙirji, Turancinsa ba mai ƙarfi ba, sai ya tsara jawabinsa da Urdu a fassara, yana zaune cikin Turawan da suka fi shi yawa kuma su ke da wuƙa da nama. Mutum a wannan hali hanya biyu gare shi, ko ya riƙa gyaɗa kai yana karɓar alawus, ko ya nemi ɗan wurin da za'a iya motsawa ya motsa. Shi ta biyun ya ɗauka, kuma ƙudiri biyu da ya kawo sun zama doka a 1880.

Na farko dokar lambar agana. Agana a lokacin tana kashe yara ba adadi a Indiya, wanda ya tsira kuma wani ya makance wani fuska ta lalace. Akwai wata tsohuwar hanya ta gargajiya da ake ɗibar ruwan ƙurjin mai agana a tsaga fatar lafiyayye a shafa, tana bada kariya amma wanda aka yiwa yana iya mutuwa kuma yana iya yaɗa cutar a unguwa. Dokar ta bada ikon hana wannan hanyar da kuma tilasta yiwa yara lamba. Abinda ya burge ni shine yadda aka gina ta: ba a ce duk Indiya a rana ɗaya ba, garuruwa masu hukumar gari da barikokin soja ne, kuma hukumar garin ce zata nemi a shimfiɗa dokar a wajenta, a bada lokaci mai ƙorafi ya kawo ƙorafinsa. Kaga mutumin da ya rubuta cewa dokar da aka ƙaƙabawa mutane ba tare da jin ta bakinsu ba ita ta haifi 1857, gashi da ya samu dama ya bi nasa darasin. Duk wanda ya san yadda zancen rigakafi ke zama rigima in mutane basu yarda da mai kawo shi ba zai gane hikimar.

Na biyu dokar alƙalai. A 1864 Turawa sun soke naɗa alƙalan Musulunci da gwamnati keyi, sai aka shiga ruɗani wajen ɗaurin aure da makamantansu, musamman Musulmin yankin Madras sun koka. Dokar 1880 tace in manyan Musulmin wani wuri sun nema gwamnati na iya naɗa musu alƙali. Amma kada sunan ya ruɗe ka, wannan alƙalin bashi da ikon yanke shari'a, dokar ta faɗa ƙarara, aikinsa halartar ɗaurin aure da wasu hidimomin addini, kuma ba dole sai dashi ba. Abu ne ƙarami, iyakar abinda za'a iya samu kenan a wannan ɗaki. Ya kuma tsara ƙudiri na uku kan waƙafin iyali, don gidajen Musulmi su iya tsare dukiyarsu kada bashi da rabon gado su cinye ta, wannan bai kai ga zama doka ba. A 1894 kotun ƙoli ta Landan ta rushe irin wannan waƙafi, sai a 1913 Muhammad Ali Jinnah, wanda daga baya ya jagoranci kafa Pakistan, ya samu aka yi dokar da ta halatta shi, a wannan majalisar dai.

Sai rigimar ƙudirin Ilbert a 1883, kuma ina so masu cewa ɗan kore ne su tsaya nan. A lokacin alƙali ɗan Indiya a wajen manyan birane, komai girman muƙaminsa, bashi da ikon yiwa Bature shari'ar laifi. Ripon da mai kula da shari'a a majalisarsa, Courtenay Ilbert, suka kawo ƙudirin cire wannan bambanci. Turawan Indiya, masu gonakin shayi da na baba da 'yan kasuwar Kalkata, suka tada ƙura kamar zasu cinye Ripon ɗanye, zagi na wariyar fata ba irin wanda basu yi ba. Sayyid ya goyi bayan ƙudirin a cikin majalisa, ya tsaya kan cewa doka bata san launin fata ba. A ƙarshe gwamnati ta ja da baya, a 1884 aka zartar da wanda aka rage masa ƙarfi, Bature na iya neman masu taya alƙali hukunci waɗanda aƙalla rabinsu Turawa ne. Darasin da 'yan bokon Indiya suka ɗauka shine ashe haɗa kai da ihu yana sa gwamnati ta lanƙwasa, shekara mai zuwa, Disamba 1885, aka kafa jam'iyyar Congress a Bombay.

Toh ga jawabin da nake ganin shine mafi nauyi a duk zamansa na majalisa, na ranar 12 ga Janairu 1883. Ana muhawara kan ƙudirin ƙananan hukumomi na Lardunan Tsakiya, wanda ya tanadi a zaɓi mafi yawan kujeru, gwamnati ta naɗa sauran. Sayyid ya yabi koyawa mutane mulkin kansu, amma yace zaɓe zalla bazai yi a Indiya ba. Hujjarsa itace tsarin ƙuri'a a Ingila ya tsiro inda mutane jinsi ɗaya ne kuma bambancin addini ya daina raba su a siyasa, Indiya kuwa nahiya ce mai addinai da ƙabilu da ajin haihuwa, mutum zai jefa ƙuri'a ne ga nasa, don haka al'umma mai yawa zata danne marar yawa gaba ɗaya, kuma gaba zata ƙaru maimakon ta ragu. Saboda haka a bar wa gwamnati kujerun naɗi ta riƙa cike giɓi.

Ka lura da abinda ya faru nan. Mutumin da a 1859 yace a saka 'yan ƙasa a majalisa, shine a 1883 yake cewa amma kada ƙuri'a kaɗai ta kawo su. Wasu na cewa ya canza ne, wasu na cewa Theodore Beck, Baturen da ya zama shugaban kwalejin Aligarh, shi ya juya masa tunani. Ni ban gamsu da wannan ba, domin jawabin nan ya riga zuwan Beck Aligarh, kuma in ka koma littafin 1859 ba zaɓe ya nema ba, shawara ya nema, a kira masu faɗa a ji a saurare su. Bai taɓa zama mai ra'ayin mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ba. Kuma akwai lissafi a ƙasan abin. Musulmi wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na Indiya, a lardinsa ma basu kai 15 cikin 100 ba, amma saboda gadon zamanin Mughal da harshen Urdu da ake aiki dashi a kotu suna riƙe da kaso na ayyukan gwamnati da ya fi yawansu nesa. Tun 1867 da wasu 'yan Hindu a Banaras suka fara neman a maye Urdu da Hindi a kotuna hankalinsa ya tashi. In aka koma ƙidayar kai, ko jarrabawar Turanci wadda 'yan Bengal suka riga kowa nisa a cikinta, ajinsu Sayyid ne zai faɗi.

Shi yasa da Congress ta fara neman a faɗaɗa majalisa da zaɓe da kuma yin jarrabawar manyan ma'aikata a Indiya, ya fito ya yaƙe ta. A jawabinsa na Lucknow a ƙarshen Disamba 1887, daidai lokacin da wani Musulmi, Badruddin Tyabji, ke shugabantar taron Congress a Madras, ya kwatanta zaɓe da caca wadda ɗaya ke da ƙwaya huɗu ɗaya ke da ƙwaya ɗaya. Wannan tsoron na fahimce shi, tsoron marar rinjaye ne kuma ba ƙarya bane, tarihin Indiya na baya ya nuna ba mafarki yake ba. Abinda ban yarda dashi ba, kuma bazan yi masa kwaskwarima ba, shine sauran jawabin. Ya tambayi manyan da suka taru ko zasu yarda mutum ɗan ƙaramin gida, ko da yayi digiri na ɗaya da na biyu, ya zauna a majalisa yana yi musu doka, yace Gwamna Janar bazai iya ɗaukar irin wannan a matsayin abokin zama ba. Ya kuma yi maganganun raini ga 'yan Bengal. Toh mafi yawan Musulmin Indiya su waye? Masaƙa ne da manoma da mahauta da masu wanki, da yawansu ma a Bengal ɗin suke. Wanda yace yana magana da sunan al'umma sannan ya rufewa 'ya'yan waɗannan ƙofar majalisa saboda asali, gaskiya ajinsa yake karewa a wannan wurin, kuma Musulunci bai koyar da wannan ba. Haka ma karatun 'ya'ya mata, ra'ayinsa a fara da maza tukunna mata su cigaba da karatun gida, har gaban kwamitin ilimi na Hunter a 1882 ya faɗi haka. A 1888 aka bashi lambar girma ta Sir, a shekarar ya kafa ƙungiyar adawa da Congress tare da wasu manyan masu ƙasa, Musulmi da Hindu, don haka wanda yace lambar ladan biyayya ce bazan ce masa yayi ƙarya ba.

Amma kuma kada a wuce gona da iri a ce shi ya ƙirƙiro Pakistan ko maƙiyin Hindu ne. A cikin shekarun nan dai ya kwatanta Indiya da amarya mai ido biyu, Hindu da Musulmi, in ɗaya ya lalace kyanta ya tafi. Kwalejinsa tun farko tana karɓar 'yan Hindu, wanda ya fara kammala digiri a can ma Hindu ne, Ishwari Prasad, kuma sarakunan da ba Musulmi ba sun bada gudummawar gini. Bai taɓa neman a raba ƙasa ba, a tunaninsa Turawa zasu daɗe suna riƙe da sandar. Abinda yake gaskiya shine hujjar da ya kafa a 1883 ita aka cigaba da ginawa a kai: tawagar Musulmi da ta je wajen Gwamna Janar Lord Minto a Simla a 1906, kafa jam'iyyar Muslim League a Dhaka a Disamban shekarar a ƙarshen taron ƙungiyar ilimin da shi Sayyid ya kafa a 1886, sai kujerun zaɓe na Musulmi daban a 1909. Daga nan zuwa 1947, shekarar da aka raba ƙasar aka fitar da Pakistan, akwai hannaye da yawa da kurakurai da yawa na mutane da yawa, ba adalci bane a ɗora masa duka, ba kuma gaskiya bane a ce bashi da hannu a farkon zaren.

Wani abu da zai baka mamaki, waɗanda suka fi tsananta masa a rayuwarsa ba 'yan Congress bane, malamai ne. Ya shiga tafsiri yana fassara mu'ujizozi da aljanu da mala'iku ta yadda zasu dace da abinda yake kira dokar halitta, har Mi'iraji ya ɗauke shi a mafarki, sai aka laƙaba masa suna nechari, wato mai bin dokar halitta, aka tara fatawoyin kafirta shi har daga Makka, Jamaluddin Afghani ma ya rubuta raddi mai zafi a kan masu wannan ra'ayi. Ni a wannan fage bana tare dashi, tawilinsa yayi nisa ƙwarai. Sai dai yayi wani abu na dattako, bai shigar da ra'ayinsa cikin manhajar kwaleji ba, karatun addini ya miƙa shi ga kwamitin malamai, 'yan Sunna da nasu 'yan Shi'a da nasu, don kada iyaye su hana 'ya'yansu karatu saboda shi. Ya yarda a zage shi in dai yaro zai shiga aji.

Ƙarshen rayuwarsa da ban tausayi. A 1895 aka gano wani akawun kwalejin ya daɗe yana satar kuɗi da takardun jabu, sama da rupi dubu ɗari, kuɗin da dattijon nan ya bi gari gari yana roƙo. Ɗansa Mahmud, wanda ya kai alƙalin babbar kotun Allahabad, ya bar aiki lafiyarsa da halinsa sun taɓu, zama dashi ya gagara har tsohon ya bar gidan ya koma gidan wani abokinsa. A can ya rasu ranar 27 ga Maris 1898 yana da shekara 80, bai bar abinda za'a yi masa hidimar jana'iza dashi ba sai da abokai suka ɗauka. An binne shi a gefen masallacin kwalejin, wadda ta zama Jami'ar Musulmi ta Aligarh a 1920.